Kyanwa a Mandawari: A Kulle Ta ko a Sake Ta?

Duk wanda ya san unguwar Mandawari da maƙwabtanta irin su Galadanci da Diso da Dandago, ya san cewa kyanwa ba ta bin ƙofa. Hanyarta kan katanga ce. Daga wannan soro ta tsallaka wancan, ta sauka a tsakar gidan da ta ga dama, ta leƙa madafi, sannan ta haye abinta. A dalilin wannan yawo nata ne ake yawan samun saɓani tsakanin maƙwabta. Mai kiwon tantabaru ko 'yan tsaki ya wayi gari ya tarar da gashi a warwatse, sai ya ce lalle mai kyanwa ya kulle abarsa. Shi kuwa mai kyanwa ya ce tun kaka da kakanni ba a taɓa ɗaure mage ba, kuma ba don ita ba da ɓeraye sun kori mutane daga gidajensu.

Wannan gardama ta kai matsayin doka a wasu ƙasashe. Alal misali, a yankin Kambera, babban birnin Ostareliya, duk kyanwar da aka haifa daga ranar 1 ga Yuli, 2022, wajibi ne mai ita ya tsare ta a cikin harabar gidansa. Ra'ayina shi ne, irin wannan doka ba ta dace da tsohon birnin Kano ba. Amma kuma sakacin da muke yi na barin kyanwa ta ci da kanta, ta haihu yadda ta ga dama, ba allura ba kulawa, shi ma bai dace ba. A bar ta ta fita, amma mai ita ya ɗauki nauyin fitarta.

Hujjar masu cewa a kulle

Adalci shi ne mu fara da hujjar waɗanda na saɓa musu, domin tana da ƙarfi. A shekarar 2013 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Scott Loss, sun ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 a kowace shekara a wannan ƙasa kaɗai. A Ostareliya kuma, wani ƙiyasi na shekarar 2017 ya nuna suna kashe fiye da tsuntsu miliyan ɗaya a kowace rana. Akwai kuma labarin wani ɗan ƙaramin tsuntsu da ba ya iya tashi, wanda ya rage a tsibirin Stephens na ƙasar Niyuzilan. A 1894 aka buɗe hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya a tsibirin, kyanwoyi suka shiga tare da ma'aikata, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan aka nemi irin wannan tsuntsu aka rasa a bayan ƙasa.

To, amma ɗalibin kimiyya ba ya karɓar alƙaluma sai ya tambayi inda aka samo su. Ostareliya da Niyuzilan ƙasashe ne da ba su san kyanwa ba sai da Turawa suka kai ta. Tsuntsayensu da ƙananan dabbobinsu sun rayu dubban shekaru ba su koyi gudun irin wannan maharbi ba, saboda haka suka zama ganima. A nan Afirka kuwa labarin ya sha bamban. Kyanwar gida jikar kyanwar daji ce, wadda masana ke kira Felis lybica, kuma ita wannan 'yar asalin Afirka da Gabas ta Tsakiya ce. Kurciya da ƙadangare da sauran ƙananan halittun ƙasar Hausa sun daɗe da sanin muzuru. Ai shi ya sa Bahaushe ya ce zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Bugu da ƙari, shi kansa binciken na Amurka ya nuna cewa mafi yawan ɓarnar, kyanwoyin da ba su da masu su ne ke yin ta. Wannan batu ne da za mu dawo kansa, domin a nan matsalarmu take.

Sannan akwai tsarin gidajenmu. Mandawari tsohuwar unguwa ce, wadda ake danganta sunanta da ɗaya daga cikin malaman Wangarawa da suka zo Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Gidajenta a manne suke da juna, kuma tsakar gida a buɗe take tana kallon sama. Wanda ya ce zai tsare kyanwa a irin wannan gida, ba shi da zaɓi sai ya rufe ta a ɗaki guda ko a keji dare da rana, cikin zafin bazara. Wannan kuwa azabtarwa ce. Yawancin masu karatu sun san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Abin lura a nan shi ne hadisin ya ɗora alhakin dabbar a wuyan wanda ya riƙe ta.

Shin kyanwa na maganin ɓera?

Babbar hujjar masu cewa a sake ta ita ce ɓera, kuma tarihi na goyon bayansu. Masana sun yi ittifaƙin cewa ɓera ne ya haɗa mutum da kyanwa. Da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka taru, kyanwar daji ta biyo su har cikin gari. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, inda aka sami mutum da kyanwa an binne su dab da juna. A yau ma ɓera ya wuce ɓarawon hatsi kawai. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ne ta hanyar fitsari da kashin wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa idan suka taɓa abinci. A farkon shekarar 2020 wannan cuta ta yi sanadin rasuwar likitoci biyu a nan Kano. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ambaci ajiye kyanwa a cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida.

Duk da haka, kada mu ɗora wa kyanwa kayan da ya fi ƙarfinta. A 2018 aka wallafa wani bincike da aka yi a wata ma'aikatar sarrafa shara a birnin Niyok, inda aka kafa na'urorin ɗaukar hoto aka sa ido kan kyanwoyi da manyan ɓeraye kimanin 150 har tsawon kwana 79. A duk tsawon wannan lokaci ɓera biyu kacal aka ga kyanwoyin sun kashe. Abin da ya faru shi ne, ɓerayen sun riƙa ɓuya idan kyanwa na kusa, sai mai kallo ya ɗauka sun ragu. Wani binciken kuma da aka yi a ƙauyukan ƙasar Suwazilan, wadda yanzu ake kira Iswatini, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa ɓeraye sun fi ƙaurace wa gidan da ke da kyanwa da kare tare, fiye da gidan da ke da ɗayansu kaɗai. Wato dai babban makamin kyanwa shi ne tsoron da take sa wa ɓera. Tana kama ƙananan ɓeraye, amma da wuya ta tunkari gafiya.

Darasin da ke nan a fili yake. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin bola na cike a bakin lungu, kwata a toshe, buhun hatsi a buɗe, to ko kyanwa goma aka tara ɓera ba zai bar unguwa ba. Kyanwa mataimakiya ce ga tsafta, ba za ta maye gurbinta ba.

Haɗarin da ba a cika magana a kansa ba

Yayin da ake ta jayayya a kan tantabaru, akwai abin da ya fi su muhimmanci, wato lafiyar mutanen gida. Na farko shi ne ciwon haukan kare. Sunan ya sa mutane da yawa suna zaton kare kaɗai ke ɗauke da shi. Gaskiya ne kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa daga kare suke samu, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ita ma tana kamuwa, tana kuma iya sa wa mutum ta hanyar cizo ko yakushi. An ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum kimanin 59,000 a duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma yara ne kaso mai yawa daga cikinsu. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tsira. Amma tun 1885 da Louis Pasteur ya yi nasarar gwada allurarsa a kan wani yaro a Faransa aka san cewa ana iya tare shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Duk wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sannan ya garzaya asibiti a ranar. Ba kowace mage ce kyanwar Lami ba.

Na biyu shi ne wata ƙwayar cuta mai suna Toxoplasma gondii, wadda aka gano a Tunisiya a 1908, amma sai wajen 1970 aka tabbatar cewa a cikin hanjin kyanwa take yin ƙwai. Kyanwa na samun ta ne idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da ita, sai ta riƙa fitar da ƙwan a kashinta na tsawon mako ɗaya zuwa uku. Ga mafi yawan masu lafiya cutar ba ta nuna wata alama, amma idan mace ta kamu a karon farko tana da juna biyu, tana iya jawo ɓari ko ta taɓa idon jariri da ƙwaƙwalwarsa. Ƙwan ba ya iya cutarwa sai ya kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Saboda haka kwashe kashin kyanwa a kullum, da hana mai ciki yin wannan aiki, da rufe yashin da yara ke wasa a kai, da wanke ganye, da dafa nama sosai, sun isa su rage haɗarin matuƙa.

Nauyin da ke kan mai kyanwa

Daga waɗannan bayanai, ga abin da nake ganin ya wajaba. Da farko a kai kyanwa wurin likitan dabbobi a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, a kuma riƙa sabunta ta yadda likita ya tsara. Likita ne ya kamata ya zaɓi allurar, domin akwai wadda ake yi wa karnuka da ba ta dace da kyanwa ba.

Na biyu, a taƙaita haihuwarta. Kyanwa na iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikinta kimanin mako tara ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'ya'ya uku zuwa biyar a kowane karo. Mun san abin da aka saba yi: a zuba 'ya'yan a kwali a kai su bakin kasuwa ko bola a yar. Waɗanda suka rayu daga cikinsu su ne ke zama kyanwoyin da ba su da mai su, masu cin tantabarun mutane da yaɗa cuta. Dandaƙe muzuru da yi wa mace aikin hana haihuwa abu ne da likitocin dabbobi suka iya, kuma dandaƙaƙƙen muzuru yana rage yawo da faɗa.

Na uku, a ciyar da ita, a kuma tsara lokacin fitarta. Wasu na cewa idan ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba, amma farauta ɗabi'arta ce, kuma tsoron da ɓera ke ji ba ya gushewa don ta ƙoshi. Wani gwaji da Jami'ar Ekseta ta Ingila ta wallafa a 2021 ya nuna cewa kyanwoyin da aka ba abinci mai wadatar nama sun rage dabbobin da suke kamowa da kashi 36 cikin 100. Kyanwa ta fi kuzarin farauta da magariba da asuba. Idan aka shigar da ita madafi ko ɗakin ajiyar hatsi tun daga magariba, ba a buɗe ba sai hantsi, to an ajiye ta daidai inda ɓera ke zuwa, an kuma nisanta ta daga akurkin maƙwabci da motocin Sabon Titi.

Ladabin jayayya

Saura yadda za a amsa wa juna idan ɓarna ta auku. Mai kyanwa da aka kawo wa ƙara bai kamata ya ce ai dabba ce ba ta da hankali ba, domin shi yana da shi. Ya saurara, ya ba da haƙuri, ya biya in ta kama. Mai tantabaru kuma ya gyara ɗakinsu da ragar waya, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada ya rama da shinkafar ɓera, domin guba ba ta tantance kyanwa da kaza da yaro mai rarrafe. Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ga mai unguwa nan. Yara kuma a hana su jifan baƙar kyanwa da sunan aljana ce, domin launin gashi gado ne kawai, kamar yadda ake koyarwa a darasin ilimin halittu.

Ga malamai kuwa, wannan batu ne mai kyau na muhawara a aji, da sharaɗin kowane ɗalibi ya fara maimaita hujjar abokin hamayyarsa daidai kafin ya mayar da martani. Ƙungiyoyin kimiyya na makarantu za su iya zaɓar lungu guda, su ƙirga kyanwoyinsa, su rubuta nawa ne ke da masu su, nawa aka yi wa allura, da abin da suke kamowa cikin wata ɗaya. Da irin waɗannan alƙaluma na gida ne mutanen Mandawari za su yanke hukunci a kan kyanwarsu. Allah Ya sa mu dace.