Daga Kurkuku Zuwa Gadon Mulki: Me Matan Timor Suka Samu?

 Yau hirarmu za ta kai mu Timor ta Gabas, wata 'yar ƙaramar ƙasa kusa da Ostareliya, don mu duba al'amarin Xanana Gusmao.

Shi dai wannan mutum marubucin waƙoƙi ne, kuma ya zama jagoran masu yaƙin neman 'yanci bayan Indunusiya ta mamaye ƙasarsu a 1975. An kama shi a 1992, aka yi masa ɗaurin rai da rai, daga baya aka mai da shi shekara 20. Ko a kurkuku bai ajiye alƙalami ba, har littafin waƙoƙinsa, Mar Meu, ya fito a 1998. Da jama'a suka zaɓi 'yanci a ƙuri'ar raba gardama ta 1999, sai aka sake shi. Ya zama Shugaban Ƙasa a 2002, ya yi Firayim Minista daga 2007 zuwa 2015, ya kuma sake hawa a 2023.

To, me mata suka samu? Lalle an yi abin kirki. A 2010 aka kafa dokar hana cin zalin iyali a cikin gida. Dokar zaɓe kuma ta tilasta wa kowace jam'iyya ta sa mace 1 cikin kowaɗanne 'yan takara 3, shi ya sa a zaɓen 2012 mata suka sami fiye da sulusin kujerun majalisa.

Amma fa da sauran rina a kaba. Ga kuɗin man fetur, ga shi kuma binciken 2020 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran ƙasar sun tsumbure don rashin abinci mai gina jiki. A 2021 kuma Gusmao ya je taya wani tsohon limamin coci murnar ranar haihuwa, alhali ana tuhumarsa da lalata 'yan mata a gidan marayu. Kotu ta ɗaure mutumin shekara 12. Ku duba yadda zukatan yaran nan suka ji.

Kun ji fa, 'yan'uwa. Wanda ya sha ɗauri don jama'a ya cancanci girmamawa, amma da zarar ya nemi ƙuri'a, ya zama ma'aikacinmu, dole a tambaye shi. Kada daɗin baki ko tsohon suna ya rufe muku ido ranar zaɓe. Ku tambayi asibiti, ku tambayi makaranta, ku tambayi wanda zai tsare mutuncin 'ya'yanku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.