Ra'ayinmu: Wa ya zaɓa maka inda wayarka take kai tambayarka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sayar da waya a kasuwar Gazawa ko a bakin tasha a Aguié ya san yadda cinikin yake ƙarewa. An biya kuɗi, an fasa kwali, yaron shago ya sa sim, ya danna nan ya danna can, ya tura WhatsApp da Facebook da wasu ƴan manhajoji, sannan ya miƙa wayar ya ce an gama. Mai wayar zai tafi gida bai san an riga an yanke masa wani hukunci ba: wane kamfani ne zai riƙa karɓar duk tambayar da ya rubuta a ɗan dogon akwatin nan da ke saman manhajar shiga intanet.

Mutane da yawa sun ɗauka akwatin shi ne intanet ɗin. A gaskiya ɗan aike ne kawai. Idan ka rubuta "maganin tsutsar gero" a cikin Chrome ko Opera Mini, akwatin yana ɗaukar kalmominka ne ya kai wa wani injin bincike guda ɗaya da aka riga aka ɗaura masa. Injin ne yake zaɓar abin da za ka fara gani da abin da za a binne a shafi na biyar, kuma shi ne yake sanin abin da ka tambaya.

Wannan matsayi na zama injin da waya take zuwa da shi, sayensa ake yi. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera wayoyi da masu manhajoji da kamfanonin sadarwa domin ya zama shi ne a akwatin. Apple ya karɓi dala biliyan 20 a 2022. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ba bisa doka ba. Babu ɗan kasuwar da zai zuba irin wannan dukiya a kan abin da ba shi da amfani. Sun san yawancinmu ba ma taɓa abin da muka tarar an saita.

Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34 a 2018 a kan yadda yake tilasta wa masu ƙera wayoyin Android sa manhajojinsa. Daga 2020, wanda ya sayi sabuwar Android a can, wayar takan nuna masa jerin injunan bincike ta ce ya zaɓa. Indiya ma ta matsa, har kamfanin ya amince a farkon 2023 ya bai wa mutanenta zaɓi. Wayar da ake sayarwa a Maraɗi ba ta yi wa kowa wannan tambaya.

Wani zai ce wannan rigimar masu abin hannu ce, ina ruwan manomi a Dan Saga ko ɗalibi a Tibiri? Muna ganin da ruwansu, har ma fiye da Bature. Mai sayen mega na dala ashirin ko arba'in ba ya da halin buɗe shafi goma yana lalube. Kowane bincike da ya ɓace, kuɗi ne ya ƙone. Ga kuma batun harshe. Wasu wayoyin suna zuwa da saitin Faransanci, waɗanda suka biyo ta Kano ko Katsina da na Ingilishi, mai wayar kuwa da Hausa yake tunani. Sunayen garuruwanmu kansu iri biyu ne: taswira da takardun hukuma sun san Guidan Roumdji da Gazaoua, bakin mutane da rubutun Hausa sun san Gidan Rumji da Gazawa. Ka gwada rubuta kowanne, za ka ga amsoshin ba ɗaya ba ne. Haka nan kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ, da lanƙwasa da babu lanƙwasa, wani lokaci sakamako daban take kawowa. Ƙasar da ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 bai kamata ta bar wannan ƙofa yadda baƙi suka girka ta ba.

Sauya saitin ba ya cin ko dala. A Chrome na Android, ka taɓa ɗigo uku na sama, ka shiga Paramètres, sannan Moteur de recherche, za ka ga jerin injuna irin su Bing da DuckDuckGo ka zaɓa. Shafin binciken Google kansa yana da Hausa cikin harsunan da ake iya zaɓa a saitinsa. Firefox ya wuce nan: yana barin mutum ya ƙara nasa wurin bincike da hannu, ta hanyar rubuta adireshin shafin tare da alamar %s a gurbin da tambaya za ta shiga. Malamin makaranta da ya sa ha.wikipedia.org/w/index.php?search=%s ya mayar da akwatinsa mai kai shi kai tsaye cikin Wikipedia ta Hausa. Chrome na kwamfuta ma yana yin haka, har ya ba ka damar laƙa wa shafin ɗan gajeren suna da za ka riƙa kiransa da shi.

Wanda bai son taɓa saiti yana da wata dabara. Idan ya rubuta site:reca-niger.org kafin tambayarsa, binciken zai tsaya ne a shafin RECA, haɗakar cibiyoyin manoma ta Nijar, wadda take wallafa bayanai kan iri da ƙwari da magungunan feshi da ake samu a kasuwanninmu. Ga malamin gona a karkara, wannan ya fi a jibgo masa shawarwarin da aka rubuta don gonakin Faransa.

Ba muna cewa a guji Google ba ne. Mai yiwuwa bayan mutum ya gwada sauran ya dawo gare shi, kuma babu laifi. Sannan babu injin da zai nemo abin da ba a rubuta ba. Yawancin bayanan noma da lafiya da dokokin Nijar har yanzu da Faransanci suke, kuma wannan laifinmu ne mu masu rubutu, har da ƴan jarida. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya yi shekaru yana aiken ɗan aiken da bai san ko yaron wa ba ne.

Akwai ma abin da ya fi wannan muni. Wasu manhajojin da ake turawa daga waya zuwa waya a rumfunan caji, ba daga Play Store ba, sukan ɗora nasu akwatin binciken a fuskar waya ko su mayar da kansu manhajar da take buɗe kowane adireshi. Alamarsu ita ce tallace-tallacen caca da hotunan banza suna faɗowa ba ka kira su ba, mega tana ƙarewa da wuri. Wanda ya ga haka ya duba wace manhaja ce take buɗe masa intanet, ya goge wadda bai san da ita ba.

Hukumar ARCEP da ke sa ido kan sadarwa a Nijar tana iya ɗauko maganar allon zaɓi, kuma muryarta za ta fi nauyi idan ta haɗa da takwarorinta na Mali da Burkina Faso, ko ma da ta Najeriya inda kasuwar wayoyin ta fi girma. Wannan zai ɗauki lokaci. Kafin nan, gidajen rediyon al'umma na jihar Maraɗi suna iya ware minti biyar su koya wa masu sauraro waɗannan matakai da Hausa. Mafi kusa da kowa kuwa shi ne yaron shagon nan da yake kunna sabuwar waya: ya tambayi mai ita da wane harshe yake so ta yi masa magana, ya nuna masa inda ake sauya injin bincike, kafin ya miƙa masa.