Zancen Majalisa: Jirgin Okehampton da Majami'ar Exeter

Jama'a, duk wanda ya taɓa duba takardar jerin abubuwan da majalisar gunduma za ta tattauna a ƙasar nan ta Ingila ya san yadda a ke cakuɗa su. Ga zancen kwashe shara, ga na ramukan hanya, ga na kuɗin makarantu. Can wajen ƙarshe sai ka ga wani kansila ya kawo shawara a goyi bayan yaƙi da ƙin jinin Yahudawa, wani kuma ya kawo tasa, a goyi bayan sake buɗe wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da ciyawa ta rufe. A ɗaga hannu, magatakarda ya rubuta an yarda, a tashi. Mu kuwa da mu ke biyan harajin gida kowane wata, ya kamata mu tambaya: bayan an sauke hannu, me ke biyowa? Don neman amsa, bari mu gangara kudu maso yamma, zuwa Devon, ƙasar manoma da makiyaya, gama can abubuwan nan biyu su ka haɗu cikin gunduma guda.

Mu fara da jirgi. Cikin watan Maris 1963 Dokta Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, ya fitar da rahotonsa, ya ce a rufe tasha 2,363 da hanyar dogo wajen mil 5,000, domin ba su kawo riba. Guguwar rufe-rufen da ta biyo baya ta fi yi wa karkara ɓarna. Okehampton ƙaramin gari ne a gefen tsaunukan Dartmoor, mutanensa ba su kai 10,000 ba. Cikin 1968 aka yanke hanyar da ta bi ta wurin zuwa Plymouth, cikin 1972 kuma aka tsai da jirgin fasinja tsakaninsa da birnin Exeter. Daga ran nan, wanda ba shi da mota sai ya jira bas.

Abin da ya hana a tuge ƙarafan a sayar shi ne wurin fasa dutse na Meldon, gaba kaɗan da garin, inda a lokacin a ke ɗebo tsakuwar da a ke shimfiɗawa ƙarƙashin dogo. Jirgin kaya ya ci gaba da bi. To, nan ne majalisar gundumar Devon ta yi abin da mu ke son ku lura da shi. Tun daga 1997 ta riƙa biyan kuɗi domin a riƙa tafiyar da jirgin fasinja ran Lahadi kaɗai, da bazara kaɗai, daga Exeter zuwa Okehampton. Mai wucewa zai ce wannan wasan yara ne, jirgin 'yan yawon shan iska. Amma fa ta yi ta biya shekara bayan shekara, har sama da shekara ashirin. Saboda haka tashar ba ta ruɓe ba, sunan garin bai fita daga jadawalin jirgi ba, mutanen wurin kuma ba su manta da cewa su na da hanya ba. Su ka kafa ƙungiya mai suna OkeRail, su ka yi ta matsa wa wakilansu.

Sa'an nan teku ta taimaka, ta hanyarta. Cikin Fabrairu 2014 igiyar ruwa ta rushe katangar da ke tare hanyar jirgi a Dawlish, aka ga ƙarafan dogo na reto a sarari ba ƙasa ƙarƙashinsu. Wata biyu cur Plymouth da dukan ƙasar Cornwall ba su da jirgi zuwa Landan. Sai manya su ka tuna ashe dā akwai wata hanya ta tudu, ta Okehampton, wadda su ka rufe da hannunsu.

Da Gwamnati ta buɗe asusun maido da tsofaffin hanyoyin jirgi cikin 2020, na fam miliyan 500, garuruwa da yawa su ka miƙa hannu. Devon ce ta fara samu, gama ita ba ranar tafiya ta fara fafe gorarta ba. Aka ba da fam miliyan 40 da ɗoriya, aka sake shimfiɗa mil 11 na ƙarfe cikin mil 14 na hanyar, aka gama cikin wata tara. Ran 20 ga Nuwamba 2021 jirgin fasinja na kullum ya koma Okehampton bayan shekara 49. Da fari jirgi ɗaya ne cikin awa biyu, daga Mayu 2022 ya zama kowace awa. Tafiyar minti arba'in ce zuwa Exeter, inda babban asibiti da jami'a da kwaleji su ke. Cikin shekarar farko an yi tafiya fiye da 250,000, abin da ya zarce lissafin masu lissafi.

Kada mu yi saurin guɗa. Cikin Yuli 2024 sabuwar Gwamnati ta soke asusun nan, ta ce baitulmali ba kuɗi. Tavistock, wani garin Devon da shi ma ya rasa jirginsa cikin 1968, majalisar ta daɗe ta na goyon bayan a maido masa, amma shekarar 2025 ta same shi ba jirgi. Watau goyon bayan majalisa ba ya haifar da dogo shi kaɗai. Abin da ya ke yi shi ne ya tsare magana da rai har ranar da dama za ta zo, in ta zo.

Yanzu ku sauka daga jirgin nan a Exeter, ku taka zuwa tsakiyar birni. Cikin wani ɗan lungu akwai majami'ar Yahudawa da aka buɗe cikin 1764, ɗaya daga cikin mafi tsufa a ƙasar nan. Ta Plymouth ma ta girme ta da kaɗan, ta 1762 ce. Yahudawan Devon ba su da yawa, amma sun fi shekara 250 su na ibada a wuraren nan. Ran 21 ga Yuli 2018 wani Bature mai aƙidar fifita farar fata ya fasa taga, ya zuba fetur, ya kunna wuta. Ranar ta zo daidai da lokacin makokin da Yahudawa ke yi kowace shekara don tunawa da rushewar haikalinsu. Allah ya sa ba a rasa rai ba. Na'urar ɗaukar hoto ta kama shi, cikin 2019 kotu ta sa a tsare shi a asibitin masu taɓin hankali ba ranar fita.

Mun kawo wannan ne domin akwai kansilolin karkara da su kan ce, mu nan ba mu da Yahudawa, me ya haɗa mu da wannan magana? Ai inda su ke kaɗan nan ne su ka fi zama a fili. A Landan ko Mancesta su na da masu gadi da ƙungiyoyi. Iyali guda cikin ƙauye, yaro guda cikin makaranta, ba su da kowa sai hukumar wurin. Ƙidayar 2021 ta nuna Yahudawan Ingila da Wales wajen 271,000 ne, kashi ɗaya cikin ɗari biyu na jama'a. Duk da haka ƙungiyarsu mai kula da tsaro, wadda a ke kira CST, ta rubuta aukuwar cin zarafi fiye da 4,000 cikin 2023, da fiye da 3,500 cikin 2024. Ran 2 ga Oktoba 2025, ranar babban azuminsu, aka kai hari majami'ar Heaton Park a Mancesta, mutum biyu daga cikin masu ibada su ka rasu.

To, me majalisu su ka yi? Yawanci abin da su ke yi shi ne su karɓi wata ma'ana ta ƙin jinin Yahudawa wadda ƙungiyar ƙasashe masu tunawa da kisan ƙare-dangi na zamanin Hitila, watau IHRA, ta amince da ita a Bucharest cikin Mayu 2016. Gwamnatin Theresa May ta karɓe ta cikin Disamba na shekarar. Minista Sajid Javid ya rubuta wa shugabannin majalisu cikin 2017 su ma su karɓa, Robert Jenrick ya sake rubutawa cikin 2019. A farkon 2020 waɗanda su ka karɓa ba su kai rabi ba, har ministan ya yi barazanar bayyana sunayen masu ƙi.

Mun san abin da ke ran masu karatu da yawa, ba kuwa za mu kewaye shi ba. Ma'anar nan ta zo da misalai goma sha ɗaya, bakwai daga ciki sun ambaci Isra'ila, mutane kuwa na tsoron a yi amfani da su a toshe bakin mai maganar Falasɗinawa. Tsoron ya na da tushe. Cikin 2019 majalisar Tower Hamlets a Landan ta hana wurin taro ga masu tseren keke da ke tara kuɗi don yaran Gaza, daga baya takardun ofishinta su ka nuna ma'aikata sun ji tsoron saɓa wa ma'anar nan. Kenneth Stern, lauyan Amurka da ya jagoranci rubuta ta tun asali, shi da kansa ya yi kuka da yadda a ke mai da ita sanda a jami'o'i. Cikin 2021 waɗansu malamai masana, da yawansu Yahudawa, su ka fito da wata ma'anar dabam, Sanarwar Kudus, don gyara wannan. Ita takardar IHRA ɗin ma ta faɗa a fili cewa sukar Isra'ila irin wadda a ke yi wa kowace ƙasa ba ƙin Yahudawa ba ne. Mai son ya yi gardama a kan kalmomin nan ya na da hujja, ya je majalisa ya yi. Amma wanda ya zuba fetur a Exeter ba muhawara ya zo yi ba, tsohuwar da ke zuwa ibada a wurin kuma ba ita ke jan ragamar wata gwamnati ba. Mu da kakanninmu su ka zo ƙasar nan baƙi, mu ka ga an fasa tagogin masallatai cikin tarzomar Agusta 2024, mun san karin maganar gemun ɗan'uwa da ya kama wuta. Ƙungiyar Tell MAMA, da aka kafa cikin 2012 don rubuta cin zarafin Musulmi, wurin CST ta koyi aikin.

Abin da ya fi damunmu dabam ne. Karɓar ma'ana ba ya cin majalisa ko kwabo. Minti goma ne, a tafa, jaridar gari ta buga hoto. In aka tsaya nan, daidai ya ke da a ce majalisar Devon ta yanke shawara cikin 1997 cewa ta na son jirgi, sa'an nan ta ƙi biyan kuɗin jirgin Lahadi. Da yanzu itatuwa sun tsiro a tashar Okehampton.

Jirgin Lahadi na wannan magana kuwa ƙananan ayyuka ne masu gundura, waɗanda majalisa ke da iko a kansu tun dā. Dokar daidaito ta 2010 ta ɗora wa kowace majalisa nauyin kula da kawar da wariya da kyautata zama tsakanin jama'a, saboda haka ba alfarma ba ce in ta yi. Ita ke da ma'aikatan goge rubutun ɓatanci a bango, ita za ta faɗa ko cikin kwana ɗaya za a goge ko cikin wata ɗaya. Ita ke sa fitilun titi da na'urorin ɗaukar hoto a lungu irin na majami'ar Exeter. Ta na zama teburi ɗaya da 'yan sanda a kwamitin tsaron gari, inda a ke duba ko ƙarar da aka kai an bi ta. Har wa yau kowace majalisa mai kula da ilmi ta na da kwamitin shawara kan koyar da addini a makarantu, wanda a ke kira SACRE, inda wakilan addinai ke zama tare da malaman makaranta da kansiloli. Wannan kwamiti ba kasafai a ke jin labarinsa ba, alhali kuwa nan a ke shawarta abin da yaro ɗan shekara tara zai ji game da Bayahude, da kuma game da Musulmi. Ranar tunawa da kisan ƙare-dangi, 27 ga Janairu, da a ke yi a ƙasar nan tun 2001, ita ma majalisu ke shirya ta a garuruwa da yawa, wani wuri da gaske, wani wuri kyandir ɗaya da jawabin minti biyar.

Duk waɗannan a na iya bincika su, kamar yadda mutanen OkeRail su ka riƙa bin zancen jirginsu. Taron majalisa a buɗe ya ke ga kowa, yawancinsu kuma su na ba mazauna gari lokaci su yi tambaya, in sun aika da ita tun da wuri. Abin da aka yanke a na buga shi a shafin majalisa na intanet. In an ƙi ba ka amsa, dokar 'yancin samun bayani ta 2000 ta tilasta musu su amsa takardarka cikin kwanakin aiki ashirin. Wanda majalisarsa ta karɓi ma'anar nan, ya rubuta ya tambaya nawa aka ware mata cikin kasafin bana, wane ma'aikaci ke riƙe da aikin, kuma yaushe zai kawo rahoto. Wanda kuma majalisarsa ta yi alkawarin tasha ko hanyar jirgi, tambayoyin nan uku su ne dai zai aika. Kasafin kuɗin majalisu cikin Fabrairu a ke zartar da shi, don haka takarda ta isa gare su kafin ƙarshen Disamba.