Shingen da ya girma, a matsar da shi, kar a sare

Hutun da ya wuce na koma gida Kazaure na tarar Baffa zai gina shago a ƙofar gida. Shingen lallen da Inna ta dasa tun ina firamare yana daidai inda za a haƙa fandisho. Magini ya ce a kawo gatari, minti goma an gama. Na ce a matsar da shi bayan gida. Dariya aka yi mini, wai boko ya taɓa ni.

Abin da ke ba ni haushi da mu matasa shi ne, duk damina sai ka ga hotunanmu a Facebook, kowa riƙe da ɗan dashe a leda ana murmushi. Kafin watan Maris awaki sun cinye rabi, sauran ƙishirwa ta kashe. Amma shukar da ta shekara goma tana tare mana iska da ƙura, ita ce muke sarewa ba ko waiwaye. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar bishiyoyi don tare hamada, Jigawa kuma na cikin jihohi 11 da yake aiki a Najeriya. Wanda ya ga yadda iskar hunturu ke kwasar yashi a Babura ko Gwiwa ya san shinge ba ado ba ne.

Kuma fa aikin ba tsafi ba ne, haƙuri yake so. Mun jira damina ta zauna. Makonni kafin ranar, muka zagaye kowane gindi da rami muka datse saiwoyin gefe, don ƙananan saiwoyi su fito kusa da gindin. Sabon ramin muka fara haƙawa, ƙasarmu ga tsakuwa, sai da diga. Muka rage rassa, muka ciro kowanne da dunƙulen ƙasarsa a cikin buhu, da yamma bayan rana ta yi sanyi. Zurfin da yake a da, shi muka ba shi, sannan ruwa, sannan muka rufe gindin da kara.

Ban ce komai ake matsarwa ba. Babbar darbejiya saiwarta ta yi nisa, da shebur ba za ka iya ba, sai dai ka gyara zanen gininka. A Ingila ma masu shingen itatuwa masu ganye kamar allura suna shan wahala, domin yawancinsu ba sa tohowa idan aka datse su har tsohon itace. Mu kam Allah ya sauƙaƙa mana: lalle da bini-da-zugu ko reshe ka kafa yana iya kamawa.

Cikin gindi tara, biyu sun bushe, waɗanda ƙasarsu ta warware a hanya. Bakwai sun toho. Shagon Baffa ya kai linta, Inna kuma ta ce ganyen lallen bikin ƙanwata daga bayan gida za a tsinko shi.