Babi Kafin Ado: Shawara ga 'Ya'yanmu Masu Rubuta Kundin Digiri



A ofishin Sarkin Zango, inda muka daɗe muna riƙe da alƙalami, ba wasiƙun gado da na sulhu kaɗai ke ratsa hannunmu ba. Tun da Allah ya buɗe wa 'ya'yanmu ƙofar jami'a, sukan zo da kundin bincikensu su roƙi a duba musu Hausa da Larabcin da ke ciki, ko a tabbatar musu da sunayen unguwanni da na magabata. Cikinsu akwai wata 'yarmu da ta yi bincike kan fataucin goro tsakanin Salaga da Kano. Aiki ne da muka karanta muka ji daɗi. Saura mako biyu ta miƙa, malamin da ke duba ta ya ce babi na huɗu ya dawo na biyu. Gaskiya ya faɗa, domin hujjar ta fi tsayuwa a haka. Sai dai yarinyar da hannu ta sa lambar kowane babi da kowane fasali, da hannu ta rubuta "duba shafi kaza" a wurare barkatai, ƙunshiyar ma da hannu ta jera ta. Kwana uku ta yi ba ta ƙara ko jimla ɗaya ta ilimi ba, tana bin lambobi tana gyarawa. Da ta kai shagon buga takardu kuma, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ga ƙananan akwatuna, saboda kwamfutar shagon ba ta da irin haruffan da ta yi amfani da su.

Ba sakacinta ba ne ita kaɗai. An koya mata ta zauna gaban farin shafi ta yi ayyuka uku a lokaci guda: ta yi tunani, ta tsara, ta kuma ƙawata. Ra'ayinmu shi ne a raba waɗannan ayyuka. Mai bincike ya fara da jerin kanun maganarsa, ya cika su da rubutu tsantsa wanda ba ado a kansa sai 'yan alamomi, sannan ya bar wa na'ura aikin jera shafi. Kayan yin haka suna nan, kyauta ne, kuma sun girmi yawancin ɗalibanmu.

Wanda ya zauna gaban malami a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ku tuna yadda muka karanta Ahalari da Ishmawi da Risala. Kafin ka san abin da ke cikin littafi ka riga ka san jerinsa: babi, a ƙarƙashinsa fasali, a ƙarƙashin fasali mas'ala. Almajirin da ya ƙware zai gaya maka inda hukunci yake ba tare da ya san lambar shafi ba, domin a kansa littafin bishiya ne mai rassa, ba tarin takardu ba. Littattafan kakanninmu na hannu ma ba a ɗinke suke ba. Warwara ne a cikin gafaka, kuma marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gama, don kada jeri ya ɓace. Kan babi yakan fito da jan tawada. A littattafan sharhi kuwa, matani daban, sharhi daban, hashiya a gefe, kowanne da alamar da ke nuna matsayinsa. Sannan sau da yawa mai talifi daban ne, mai kyakkyawan hannu da zai kwafe daban ne. Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Salaga ya kuma rasu a Kete Krachi a 1934, har littafi ya wallafa kan yadda ake tsara wasiƙa, kuma duk magatakarda ya san amfanin irin wannan: idan siga ta zauna, hankali sai ya koma kan abin da za a faɗa.

To, wani ɗanmu da ke karatun lissafi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi shi ya zaunar da mu ya nuna mana yadda masana na wasu ƙasashe suka iso wannan matsaya ta tasu hanyar.

Labarin ya faro ne daga ɓacin rai. A 1977 Donald Knuth, malamin ilimin kwamfuta a jami'ar Stanford ta Amurka, ya ga gwajin ɗab'in sabon bugu na juzu'i na biyu na babban littafinsa, bai ji daɗin yadda haruffa da alamomin lissafi suka fito ba, domin maɗaba'u sun bar tsohuwar hanyar zuba haruffan dalma. Sai ya ajiye littafin ya shiga ƙera manhajar da za ta jera shafi kamar yadda gwanin maɗaba'a yake yi. Ya sa mata suna TeX, ta fara aiki a 1978. Ya zaci aikin watanni ne, ya ci masa kusan shekara goma. A shekarun 1980 Leslie Lamport ya ɗora LaTeX a kanta, wadda ta sauƙaƙa abin ga marubuci. A cikinta ba ka cewa "wannan layi ya yi kauri, ya zauna a tsakiya". Cewa kake yi "wannan kan babi ne", ta hanyar rubuta alamar \chapter a gabansa, ko "wannan fasali ne" da alamar \section. Lamba, girman harafi, tazara, ƙunshiya, duk na'ura ce ke lissafawa. Idan kana son nuni zuwa wani wuri, sai ka raɗa wa wurin suna, ka kira shi da sunan. Duk inda ya koma, lambar shafinsa za ta bi shi. Manazarta ma haka: ka tara su a fayil guda, manhaja ta jera su bisa sigar da jami'a take so. Da 'yarmu ta goro da wannan ta yi aiki, da gyaran da ya ci mata kwana uku bai wuce shan shayi ba.

Amma LaTeX tana da aibinta. Idan rubutu ya yi tsawo, alamomi sukan cika ido, mutum ya daina ganin inda maganarsa ta nufa. Nan ne manhajar tsara kanu take shigowa. Wadda aka nuna mana sunanta Org-mode. Carsten Dominik, masanin taurari, shi ya fara ta a 2003, a cikin tsohuwar manhajar rubutu mai suna Emacs. Ƙa'idarta ko yaro zai riƙe: tauraro ɗaya a farkon layi babi ne, biyu fasali, uku abin da ke ƙarƙashin fasali. Ka danna maɓalli ɗaya, duk rubutun ya naɗe, kanu kaɗai su rage, kundi mai shafi ɗari biyu ya tsaya gabanka a allo guda. Ka ɗaga babi sama, ya tafi da dukkan 'ya'yansa. Kana iya sa wa fasali alamar cewa ba a gama shi ba, kana iya ajiye wa kanka bayanin da ba zai fito a bugu ba. Idan ka shirya, ka ba da umarni, ta mayar da rubutun LaTeX, daga nan ya fito PDF. Inda ake bukatar lissafi ko jadawali mai wuya, sai ka rubuta alamomin LaTeX kai tsaye a wurin, sauran rubutun ya zauna fes. Wanda Emacs ta yi masa nauyi yana iya yin kusan haka da Markdown, wadda John Gruber ya fitar a 2004, ya haɗa ta da Pandoc, wadda John MacFarlane, malamin falsafa a Berkeley, ya fara a 2006.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a wannan naɗewa ba sauƙin aiki ba ne. Tona asiri ne. Ranar da ɗan namu ya naɗe wani dogon rahoto da mu da kanmu muka rubuta kan rikicin fili, muka ga kanu bakwai a jere, sai muka lura na uku da na shida magana ɗaya suke yi, kuma babu kan da ya amsa tambayar da aka buɗe rahoton da ita. Shafuka masu ado sun ɓoye mana wannan har tsawon shekara. Kyan harafi yana sa mutum ya ɗauka ya gama tunani alhali bai gama ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Ɗalibinmu da ke rubutu kan zango yakan bukaci Turanci, da Hausar boko, da Larabci, wani lokaci har da ajami, duk a shafi ɗaya, wani na tafiya daga hagu wani daga dama. TeX ta farko ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba. Jörg Knappen ya ƙera mata haruffan harsunan Afirka a shekarun 1990, sannan a 2004 Jonathan Kew ya fitar da XeTeX, wadda ke karɓar kowane harafi da ke cikin Unicode, wato babban kundin haruffan duniya. Yau da harafin Charis SIL ana samun ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lafiya lau. Na ajami kuwa akwai Harmattan, akwai kuma Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, har idan ka gan shi a takarda sai ka tuna allo. Kuma tunda PDF yana tafiya da haruffansa a cikinsa, mai shago ba shi da abin da zai canja. Abin da ka gani a gida shi zai fito.

Kada a ce mun zo talla. Masu ja da wannan shawara suna da hujjoji, kuma wasu daga ciki masu ƙarfi ne.

Na farko, koyon yana da ɗaci. Ka manta baka ɗaya ta rufewa, aiki ya tsaya cak, na'ura ta zubo maka ƙorafi da Turancin da ko Bature sai ya yi tunani. Wanda saura masa wata guda ya miƙa kundi, kada ya soma. Wannan karatu na shekarar farko ne, ko na hutu. Na biyu, yawancin malaman fannin tarihi da harshe da addini Word suka sani, a cikinsa suke son yin gyara da jan layi, kuma ɗalibi ba ya gardama da mai sa masa hannu. Amsar ita ce Pandoc tana mayar da rubutun zuwa fayil ɗin Word, a kai wa malam, a dawo a shigar da gyaransa a asali. Akwai wahala a ciki, ba mu musa ba. Adalci kuma ya sa mu faɗa cewa Word ɗin kansa yana da hanyar tsara kanu da sa lamba da kansa. Wanda ya koyi wannan da kyau ya samu rabin abin da muke kira a kai, kuma ba mu raina rabi ba. Na uku, kayan aiki. Cikakkiyar TeX gigabait da yawa ce, Overleaf da ke aiki ta intanet kuma tana son data da wuta, mu kuwa mun san dumsor. Wannan maganinsa a hannunmu yake: mutum ɗaya ya sauke, a zagaya da ita a filashi, daga nan ba a bukatar intanet.

Hujja ta huɗu ita ce ta fi damunmu, domin mun gan ta da ido. Akwai yaron da ya shiga wannan harka ya maida ita sana'a. Kullum yana gyaran launi, yana sauya saiti, yana gwada sabuwar dabara, babi na ɗaya kuwa bai wuce kanunsa ba. Jerin kanu ma yana iya yaudara. Mutum ya ga rassa sun jeru ya ji kamar ya yi littafi, alhali tsakanin wannan kai da wancan babu gadar da ta haɗa su. Malamanmu ba su taɓa karɓar haddar sunayen babi a matsayin sanin fiƙihu ba. Idan kayan aiki suka fara cin lokacin karatu, a ajiye su a ɗauki biro da takarda, a jera kanun a can. Manufar tana nan ko ba kwamfuta.

Duk da haka muna nan kan bakanmu, saboda wani dalili da ya wuce digiri. A akwatin ofishinmu akwai wasiƙun ajami da suka girme mu, muna buɗewa muna karantawa. Akwai kuma faya-fayen kwamfuta na shekarun baya da muka rasa na'urar da za ta buɗe su, a cikinsu har da bayanan da dattawan da suka riga mu gidan gaskiya suka bayar da bakinsu. Rubutu tsantsa mai 'yan alamomi kowace kwamfuta tana buɗe shi, ko waya ma, kuma mutum yana iya karanta shi da ido ko manhajar ta ɓace. Knuth ya daina ƙara wa TeX sabon abu tun wajen 1990, sai gyaran kuskure, don abin da aka rubuta da ita jiya ya fito gobe yadda yake. Mu da tarihinmu a wannan ƙasa bai cika shiga littattafan makaranta ba, abin da 'ya'yanmu suka tattara daga bakin tsofaffi bai kamata ya dogara da ran wata manhaja ba.

Saboda haka ga roƙonmu ga ƙungiyoyin ɗaliban zango na Legon da Kumasi da Tamale da Cape Coast. Waɗanda suka iya a cikinku, yawanci 'yan lissafi da injiniya, su zauna su shirya siga guda ta kundi wadda ta dace da ƙa'idar jami'arsu, da haruffan Hausa da Larabci da ajami a saite, yadda ƙaninsu mai karatun tarihi zai buɗe kawai ya fara sa taurari yana rubutu. A hutu mai zuwa a ware kwana biyu a koyar. Mun yi magana da Mai Girma Sarki, ya amince a yi amfani da zauren fada, kuma ofishinmu zai kawo tsofaffin rahotanninsa guda uku a yi gwaji da su. Wanda zai iya koyarwa ya ajiye mana saƙo a ƙasan wannan rubutu, ya faɗi jami'arsa da kwanakin da yake da sarari.

Wassalam.