RA'AYINMU: AKALAR NA'URARKA TANA HANNUN WA?

Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Ita ce babbar manhaja, watau wadda ke tafiyar da kwamfuta ɗungurungum, a na'urori da yawa da ɗalibai da ƙananan ma'aikata suka saya na hannu da guminsu. Magajiyarta kuwa, Windows 11, ba ta yarda da tsofaffin na'urori. Ga kwamfuta lafiya lau, amma an yanke mata wa'adi daga wata uwa duniya. Lalle kayan aro ba ya rufe katara.

To, mai karatu ya leƙa kasuwa ya ga wani abin mamaki. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, manomin Tamawa da ya kai gero Kurfi ko Dutsin-Ma ya san amfanin mai POS. Na'urorin nan masu shafaffiyar fuska da ke hannun masu wannan sana'a ba Windows ke tafiyar da su ba, Android ce. Ita kuwa Android a kan Linux aka gina ta, wadda Linus Torvalds ya fitar kyauta a 1991, yana ɗalibi mai shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya kuma bar asirinta a buɗe don kowa ya karanta ya gyara. Ashe gasar da Windows ta ci a ofis, a rumfar kasuwa an kayar da ita, da aikin ɗalibi irinmu.

Ba mu ce Linux ba ta da wuya ba, ba mu kuma ce mai POS ya mallaki akalar tasa na'urar ba, domin kamfanonin da suka ba shi su ke riƙe da makullinta. Abin da muke cewa shi ne, cinikin iyayenmu ya hau kan manhajar da 'ya'yansu masu ilmi ba su nazarta ba.

Saboda haka muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita su ba Linux muhalli a ɗakunan kwamfutarsu. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, kada ku yar da tsofaffin na'urorinku. Ku ɗora musu ita ku koya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya sa mu dace, amin.