Sharhi: Wa ke da alhakin tsugunar da marasa matsuguni a Garam da Suleja?

Garam gari ne a Ƙaramar Hukumar Tafa ta Jihar Neja, cikin Masarautar Suleja, a bakin iyaka da Bwari ta Babban Birnin Tarayya. Kamar a Madalla da Sabon Wuse, da yawa daga cikin mazaunansa a Abuja suke neman abinci, amma tsadar haya ta sa a Neja suke kwana.

Wannan kwarara ta daɗe. Tun bayan mayar da mazaunin gwamnati Abuja a ranar 12 ga Disamba, 1991, garuruwan yankin ke cika suna batsewa. Rusau ɗin da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara yawan masu neman mafaka, inda ƙungiyoyin kare haƙƙi na COHRE da SERAC suka ƙiyasta cewa ya raba mutum fiye da 800,000 da muhallinsu.

Sai dai mafakar ma ba ta da tabbas. Ambaliyar watan Yulin 2017 ta ci rayuka da gidaje a Suleja da Tafa. A Disamban 2023 da Janairun 2024 kuma 'yan bindiga sun sace mutane a Garam, abin da ya tilasta wa wasu iyalai yin ƙaura. Baya ga waɗannan, akwai magidantan da ake kora daga gida saboda sun kasa haɗa kuɗin hayar shekara a dunƙule.

Agajin da aka saba gani na bayan aukuwar bala'i ne: hukumomin NEMA da NSEMA da ƙungiyar Red Cross su raba shinkafa, tabarmi da barguna. Ko a Mokwa, sai bayan ambaliyar 29 ga Mayu, 2025, Gwamnatin Tarayya ta sanar da ware Naira biliyan 2 domin sake gina gidaje. Wanda mai gida ya watsa wa kaya waje kuwa ba ya cikin lissafin kowace hukuma.

Alhali doka ta fayyace mai alhakin. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin kafawa da kula da gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, ya kuma umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, duk da cewa aiwatar da shi na tafiyar hawainiya.

Ko da kuɗin sun shigo, Tafa da Suleja ba su da isassun ma'aikatan jin daɗin jama'a da za su bi iyali ɗaya bayan ɗaya. Nan ne haɗin gwiwa da ƙungiyoyi masu zaman kansu ke da amfani. A ƙasar Finland, tun 2008 birane ke aiki da irin su Gidauniyar Y, wadda ke mallakar gidaje tana ba marasa matsuguni haya mai sauƙi. A Ingila, dokar 2017 ta wajabta wa ƙananan hukumomi tallafa wa duk wanda ke fuskantar rasa muhalli cikin kwanaki 56, tun kafin a kore shi.

A yankin Suleja, kwamitocin zakka na masallatai, majami'u da ƙungiyoyin unguwanni sun fi kowa sanin wanda hayarsa ta ƙare. Ƙaramar hukuma za ta iya ware musu kuɗi domin cike giɓin haya, sasanta mai gida da ɗan haya, da sauya wa mazauna bakin rafi wurin zama kafin damina.

Haɗarin shi ne kuɗin su zama ganimar 'yan siyasa ta hanyar ƙungiyoyin bogi. Maganinsa rajistar mabuƙata da masu unguwanni suka tantance, yarjejeniya a rubuce da aka bayyana wa jama'a, da biyan ƙungiya gwargwadon iyalan da suka ci gaba da zama a gidajensu bayan shekara guda.

Akwai kuma batun adalci. Tun da Abuja ce ke cin moriyar guminsu, ya dace Hukumar Babban Birnin Tarayya ta sa hannu a asusun, maimakon barin Tafa da Suleja su ɗauki nauyin su kaɗai.